Petrograd, Malamina da Bizar Umra

Shekarun baya, a shekarar da aka yi juyin juya hali a Sudan, malamina ya zo Umra ya sauka a gidanmu na unguwar Karantina a Jidda. Na daɗe ina son ba ku labarin nan, sai in fara in goge. Bari in faɗa tun yanzu, ni ba ɗan siyasa ba ne, kuma ba wata gwamnati nake nufi da maganata ba. Labarin baƙo ne da masu masaukinsa. Sai dai wani birnin Rasha ya shigo ciki, don haka ku yi haƙuri in ɗan yi shimfiɗa.

A Jidda aka haife ni, amma fasfo ɗina na Sudan ne. Kakanninmu Hausawa ne da suka taso aikin Hajji a ƙasa, suka yada zango a gefen Nilu, zangon ya zame musu gida. Mahaifina ne ya ƙarasa tafiyar ya haye teku. A nan ya yi aiki, a nan ya rasu. Ni kuma na je Khartoum na karanta ilimin sinadarai, na dawo na samu aiki a wata masana'antar fenti a unguwar masana'antu, ina gwada kauri da launi daga safe zuwa yamma. Masana'antar ce kafilina, wato ita ta tsaya mini a wurin hukuma. Iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, a ƙarƙashinsu take, ta mahaifiyata kuma a jikin tawa take rataye. Idan tawa ta faɗi, tata ta faɗi. Ga ta mace da ta yi mafi yawan rayuwarta a Jidda, ko ɗaki ɗaya ba ta da shi a Sudan.

Gwajin fenti aiki ne mai busar da kai, shi ya sa na shiga digiri na biyu a tarihin kimiyya, ina yi daga nesa, ina leƙa Khartoum lokacin hutu. Malamina ne ya zaɓa mini abin da zan rubuta a kai. Shi ma Bahaushe ne na wajen Sinnar, dattijo dogo marar yawan magana. A Rasha ya yi karatun sinadarai zamanin Sobiyet, a birnin da a lokacinsa ake kira Leningrad. Kafin nan sunan birnin Petrograd, kuma a can ne aka kifar da mulkin sarkin Rasha a 1917. Ya ce in bi abin da ya samu masana kimiyyar birnin a shekarun da suka biyo baya.

Abin da na tarar a littattafai ya gajiyar da ni, har yau kuma ban ce na fahimce shi duka ba. Bayan juyin sai yaƙin basasa, birnin ya shiga yunwa da sanyi. Jama'a suka yi ta ficewa ƙauyuka neman abinci. Ana rushe gidajen katako ana hura wuta da su. Manyan malamai suna koyarwa cikin rigunan sanyi a ɗakunan da tawada ke daskarewa a kwalba. Wasu suna noman dankali a harabar wurin aikinsu, wasu yunwa da cuta suka tafi da su, wasu suka tsere ƙetare, wasu kuma hukuma da kanta ta zuba su a jirgin ruwa ta kora. Amma a cikin waɗannan shekarun dai, a wannan birnin dai, aka kafa sababbin cibiyoyin bincike, ta gilashi da haske, ta hoton ƙashi, ta fizis, waɗanda daga baya suka fitar da masanan da duniya ta san da su. To juyin nan taimakon kimiyya ya yi, ko cutar ta? Tambayar kundina ke nan. Babi na ƙarshe kuwa a kan mutane kashi biyu ne: waɗanda suka bar birnin da waɗanda suka zauna.

Matsalata ita ce ban iya cewa e ko a'a kai tsaye ba. Ko a wurin aiki, idan aka tambaye ni ko fentin ya yi, sai in ce ga alama ya yi. Malamina ya sha dawo mini da babi yana cewa kalmar "wataƙila" ta fi sunayen Rashawa yawa a ciki. Ni dai ina ganin idan mutum bai tabbata ba, gara ya faɗi cewa bai tabbata ba.

Cikin azumi malamina ya zo Umrar. Jami'a a rufe take a lokacin, ɗalibai da yawa suna zaman dirshan a tsakiyar Khartoum, har da nasa. Ya yi goman ƙarshe a Makka da niyyar ya yi Salla da mu ya koma. Ana dab da Salla aka tarwatsa masu zaman dirshan, aka yanke intanet a ƙasar. Ya iso mana ranar Salla da yamma, fuskarsa ba yadda na san ta ba. Na bar masa ɗakina na koma falo. A hankali labari ya riƙa zuwa ta wayar wannan da wancan: wane yana asibiti, wane ya koma wurin iyayensa. Ɗalibi ɗaya ne, wanda ya fi ji da shi, suna aiki tare a ɗakin gwaje-gwaje, ba wanda ya san inda yake.

Ranar tikitinsa na nemi uzuri a wurin aiki don in kai shi filin jirgi. Na tarar da shi zaune a bakin katifa, jakarsa a buɗe, bai saka komai a ciki ba. Ya ce, "Ba yau ba, ɗana." Na tafi aiki a makare.

Daga nan sai kwanaki suka riƙa wucewa iri ɗaya. Ya je masallacin bayan layinmu, ya dawo, ya zauna ƙarƙashin tsohuwar na'urar sanyaya ɗakina mai ƙara kamar injin niƙa. Mahaifiyata ta aika masa kisira, wainar nan ta Sudan, da miya, da shayi mai madara, ya ci kaɗan ya yi godiya mai yawa. Bai buɗe littafi ba, bai tambaye ni kundi ba, ni ma ban tayar ba.

Wani abokina ne ya ƙara tayar mini da hankali, ko da yake da ma a tashe yake. Tare muka taso a unguwa, Hausarsa rabi Larabci ce, yana aiki da wani kamfani mai jigilar masu Umra. Mun haɗu wurin mai ful, wato dafaffen wake, bayan magariba na ba shi labari. Ya ajiye biredin da ke hannunsa ya tambaye ni yaushe bizar dattijon za ta ƙare. Na faɗa masa. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

"Ya shekh, kai fa ka yi karatu," in ji shi. "Biza ta ƙare, ya zama mutakhallif, halas. Shi a ci shi tara a mayar da shi ƙasarsa. Kai da ka ajiye shi a gida fa? Tara, kurkuku, tarhil. Kai da Inna, ɗaya bayan ɗaya."

Mutakhallif shi ne wanda ya zo Umra ya maƙale bayan wa'adinsa, tarhil kuma kora ce daga ƙasa. Duk wanda ya taso a unguwarmu ya san kalmomin nan tun kafin ya san haruffa. Ga Hajji yana matsowa, lokacin da bincike ke tsananta, kuma Karantina ba ta cikin unguwannin da ake mantawa da su. Abokina ya ce in faɗa wa mutumin kawai, dattijo ne, zai fahimta. Na ce abin ba haka yake da sauƙi ba. Ya girgiza kai ya ce mu Hausawan Sudan kunya ce za ta hau da mu jirgin tarhil, kuma ko a jirgin sai mun ce wa ɗan sanda ya fara shiga.

Washegari na samu mahaifiyata a kicin tana shafa kisira. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, "kai" kawai take cewa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iso kan magana. Ta bari na gama, sannan ta ce ta fi ni sanin tarhil, a gabanta aka tafi da maƙwabta tukunyarsu tana kan wuta. Na ji daɗi, na ɗauka mun daidaita. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Kai, a gidan nan ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Kakanka a gidan mutane ya yi damina da rani a hanyar Hajji, ba wanda ya ce masa yaushe. Da an tambaye shi, da ba a haife ka ba. Ga shi malaminka, ga shi yana cikin baƙin ciki. In ka buɗe baki, ba da yawuna ba."

Na ce, "Inna, to in aka kama mu fa?"

Ta ce, "Sai a kama mu da mutuncinmu." Ta juya kisirarta.

Ban san ko a ranta tsoro take ji ba. Ina jin tana ji, don na lura ta daina barin ƙofa a buɗe da rana kamar yadda ta saba. Amma magana ta riga ta fita, kuma ba ta janye irin wannan maganar.

A nan ne na yi wata dabara da na ɗauka ta masu ilimi ce. Na ce tunda an hana ni magana, bari kaya su yi magana. Ranar da na tashi aiki da wuri na hau tasi zuwa Balad, tsohon garin Jidda, na bi kasuwa na sayo dabino mai kyau, da turare, da darduma, da jallabiya fara daidai tsawonsa. Tsaraba ke nan. Tunanina shi ne in ajiye masa a ɗaki, ya gani, ya tuna cewa akwai tafiya a gaba, ba tare da kowa ya ce komai ba. Har yabon kaina nake a hanya.

A bakin ƙofa mahaifiyata ta tare ni. Ta leƙa jakar sau ɗaya ta gane. Ta ce tsaraba kafin baƙo ya yi sallama ai kora ce, har gara wanda ya fito fili ya ce tashi ka tafi, shi aƙalla bai raina wa mutum hankali ba. Ta karɓe kayan ta shige ɗakinta da su. Dabinon mu muka cinye shi daga baya. Jallabiyar kuwa ta yi mini tsawo, sai da aka kai wa tela ya rage ta.

Bayan wannan ban da sauran dabara. A motar ma'aikata, safe da yamma, ina ta shirya jumla a raina. In fara da "Malam, wataƙila ya kamata mu duba", sai in ga ta yi tsauri, in ƙara mata "idan ba damuwa", in ƙara "ko da yake ba gaggawa", har jumlar ta ƙare ba ta ce komai ba. A wurin aiki na maimaita gwajin da na riga na yi, don na manta ko na yi. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai gabana ya faɗi. Shi kuwa malamina yana nan, kullum in na dawo ya ce, "Sannu da aiki, ɗana," in ce, "Yauwa, Malam, ya gida?" kamar ni ne baƙon.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, wa'adin ya matso ƙwarai, ya kira ni ya ce in kawo masa babina na ƙarshe. Shi ne abu na farko da ya nema tun zuwansa. Na kawo, na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya saka tabarau ya karanta a hankali, fensir a hannunsa, amma bai ja layi ko ɗaya ba. Da ya gama ya cire tabarau ya ce, "To ɗana, a ƙarshe wa ya yi daidai? Wanda ya tafi ko wanda ya zauna?"

Na gane ba Petrograd kaɗai yake tambaya ba. Na kuma gane ƙofa ce ta buɗe mini. Da zan ce waɗanda suka zauna su ne jarumai, su suka riƙe kimiyya a lokacin wuya, mai yiwuwa ya ji kunya ya haɗa jakarsa, ni kuma in tsira ba tare da na saɓa wa mahaifiyata ba. Na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye ba. Amma ba abin da na tarar a littattafan ke nan ba, kuma a gaban mutumin da ya koya mini duba madogara nake zaune. Sai na ce masa cikin waɗanda suka zauna akwai wanda aka gina wa cibiya, akwai wanda aka binne kafin ƙanƙara ta narke. Cikin waɗanda suka tafi akwai wanda ya yi suna a ƙetare, akwai wanda ya ƙare a aikin da ba ruwansa da karatunsa. Na ce ga alama ba za a iya yanke hukunci ɗaya a kansu duka ba.

Ya ɗan yi murmushi ya ce ya san haka zan ce. Sannan ya ba ni wani labari da bai taɓa ba ni ba. Lokacin da yake ɗalibi a can, akwai wata tsohuwar malama a sashensu, wadda tana budurwa ta yi waɗancan shekarun yunwar a birnin. Wata rana ya yi mata irin tambayar da ya yi mini, yana jiran ya ji batun son ƙasa da son ilimi. Sai ta ce masa ita ba ta da kowa a waje, uwarta ba lafiya, takardar izinin hawa jirgin ƙasa kuma ba ta samu ba. Duk wanda ke da wurin zuwa, in ji ta, ya tafi. Ita tana zuwa ɗakin gwaje-gwaje ne kullum safe don bangonsa ya fi na gidansu kauri, kuma wani lokaci akan raba abinci a wurin. Tunda ta zo, sai ta wanke kwalabe. Tunda kwalabe a wanke suke, sai wani ya zo ya gwada wani abu.

"Ci gaban nan da kake ta juyawa a babinka," in ji malamina, "mutanen da ba su da wurin zuwa ne suka yi shi. Ni kuwa Allah ya ba ni wurin zuwa. Ga ɗaki, ga sanyi, ga kisirar Hajiya. Na gaji, ɗana. Ba na jin zan iya shiga ɗakin nan in ga kujerar yaron."

Jumlolin da na shirya a mota, ko ɗaya ba ta zo mini ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malam, nan ma ba wurin zama ba ne."

Ya dube ni. Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai: wa'adin biza, abin da doka ta ce a kan wanda ya ajiye mutakhallif, da yadda iƙamar mahaifiyata ke rataye da tawa. Ashe shi ya san ranar da bizarsa za ta ƙare, ya ɗauka dai abin a kansa kaɗai zai tsaya, a ci shi tara a hana shi dawowa, kuma ya riga ya yarda da hakan. A zamanin samartakarsa mutum yakan zo Umra ya shekara a gidan 'yan'uwa, bai taɓa jin an taɓa mai gida ba.

"Har Hajiya?"

"Har ita, Malam."

"Ta sani?"

"Ta sani."

Ya ce, "Ita ta hana ka magana ke nan."

Na ce e. Sannan ya miƙo mini babin ya ce Allah ya saka mata da alheri, ni kuma in nemo masa jirgi.

Da magariba, da mahaifiyata ta kawo abinci, ya ce mata ya huta, ya gode, zai koma wurin kwalabensa. Bai ambace ni ba ko da wasa. Ta ce haba Malam, ya zauna a yi Hajji tukuna, gida nasa ne. Ya ce a'a. Ta sake, ya sake. Ta ƙara cewa ko don ita ya ƙara kwanaki, kuma na rantse da gaske take. Ya ce, "Hajiya, kin yi abin da ya fi ƙarfin baki. Bari in tafi da ƙafata." A nan ne ta juyo ta dube ni. Sau ɗaya. Ta ɗauki tire ta fita.

Washegari da kanta ta je Balad ta haɗo masa tsaraba sabuwa, ba ta taɓa wadda na sayo ba. Ni kuma ta rage magana da ni zuwa abin da ya zama dole: ga abincinka, gas ya ƙare, rufe ƙofa. An ɗauki lokaci a haka, har bayan Babbar Salla.

Ya tafi bizarsa da sauranta. Na raka shi filin jirgi a tasi. Ya ce babin ya yi, in bar shi yadda yake, amma in saka labarin tsohuwar nan. Na ce masa, cikin ladabi, ba ni da madogara a rubuce a kan maganarta, kuma ban san yadda masu jarrabawa za su ɗauke ta ba. Ya fashe da dariya, karo na farko tun ranar Salla, har direban tasi ya leƙo mu ta madubi. Ya ce Allah ya shirye ni. Ban saka labarin ba, gaskiya. A wannan rubutun ne na fara rubuta shi.

Bayan wasu watanni aka buɗe jami'a. Na je na kare kundina, na ci. Masu jarrabawa sun ce aikin yana da tsafta, amma marubucin ya ƙi tsayawa a gefe ɗaya. Malamina yana zaune a wurin. Bayan an tashi ya kai ni ɗakin gwaje-gwajensa. Komai a wanke, komai a jere, ɗalibai biyu ko uku suna aiki. Ɗalibin nan ba a gan shi ba, har yau kuma ban ji an gan shi ba. Ban tambayi wace ce kujerarsa ba.

Abubuwa da yawa sun canja tun lokacin. Karantina an rushe ta, mun koma wani gidan haya a sama, mai tsani da ke wahalar da gwiwar mahaifiyata. Ita da ni mun shirya, ko da yake ba mu taɓa zama mun warware maganar ba. Abin da ya rage shi ne duk lokacin da baƙo zai sauka mana, sai ta ce, "Kai, ban da karanta wa mutane Rasha." In ce to.

Idan kuka tambaye ni ko daidai na yi, za ku ji irin amsar da kuka riga kuka sani. Ina ga da ban yi magana ba, da wataƙila yau daga wani wuri nake rubuta muku, ko kuma ba na rubutawar sam. Ina kuma ga mahaifiyata ba wauta ta yi ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne ya kawo zuriyarmu daga ƙasar Hausa har bakin tekun nan, gida bayan gida, ba wanda ya tambaye mu takarda. Ni dai na zo a zamanin da takarda ke tambayar mutum, kuma ni ne a tsakiya. Ba na jin na yi jarumta, ba na jin na yi zalunci. Gajiya kawai nake ji idan na tuna.

Abin da ya canja mini ƙwarai shi ne karatu. Yanzu idan na ga an rubuta a littafin tarihi cewa wani masani ya zaɓi ya zauna a Petrograd saboda kimiyya, sai in tsaya in yi tunanin wace ƙofa aka rufe masa, kuma wa ya rufe ta. Ba lallai mugu ba ne. Mai yiwuwa wani ɗan'uwa ne mai tsoro da ke da tsohuwa a gida. Idan wata rana aka rubuta cewa malamina ya koma bakin aikinsa a lokacin da hankalin kowa ke tashe, gaskiya aka rubuta. Amma ni na san wanda ya ce masa nan ba wurin zama ba ne.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum bayan wasu shekaru, na yi ta neman wayarsa ba ta shiga. Daga baya na ji ya fita ta mota zuwa Masar, yana gidan wani tsohon ɗalibinsa. Bai kira ni ba. Na bi ofisoshi na yi tambaya, na tabbatar akwai hanyar da zan gayyato shi wadda doka ta yarda da ita, sannan na samo lambarsa. Muka gaisa, ya tambayi gwiwar Hajiya. Na ce, "Malam, ka zo wurinmu. Wannan karon na bincika, ba matsala."

Ya yi 'yar dariya, muryarsa ta tsufa sosai. Ya ce, "Na sani, ɗana. Da ba ka bincika ba, ai ba za ka kira ba." Ya ce yana nan lafiya, mutanen suna kula da shi, in gaishe da Hajiya da kyau.

Bai zo ba. Iƙamarmu kuwa tana nan lafiya, tawa da tata, ina sabunta su a kan lokaci.